Baƙar Motar Alhaji Nomau

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya raba wa bayinsa hanyoyin abinci, Ya ba ni tawa a cikin bokiti. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Samarin da ke zuwa rumfata neman koyon aiki tambaya biyu suke yi mini. Ta farko, kwana nawa mutum zai yi ya iya. Ta biyu, mene ne amfanin ramin nan da ke bayan rumfa, wanda na kewaye da kara, na cika da farin yashi, ba na barin ko akuya ta raɓe shi. Ta farko ba ni da amsarta. Na fi shekara talatin ina wankin mota a Illela, kuma har yau in aka kawo baƙa gabana faɗuwa yake yi. Ta biyun ita zan rubuta a nan. Amma sai na faro daga baya, domin wanda bai san fenti ba, ba zai gane ramin ba.

Motar da na fara taɓawa baƙa ce, ta wani ɗan canji. A lokacin na baro makarantar allo ta mahaifina na kama aiki wajen Baba Cindo, a bakin hanyar Ƙonni. Wata huɗu na yi wajensa ban wuce ɗebo ruwa da wankin taya ba. Ran nan ya tafi alwala, na ga ƙura ta kwanta a bisa bonet, sai na sa hannun rigata na share, ina ganin gwaninta na yi. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce da direban ya ja motar cikin rana, ya kama ƙeyata ya sunkuyar da ni har idona ya zo daidai da ƙarfen.

Ya ce, “Isiya, mi ka gani?”

Na ce, “Wasu zare-zare, Baba, kamar saƙar gizo.”

Ya ce, “To naka na. Kai ka rubuta su, kuma ba su gogewa kamar allo. Ƙura yashi na. In ka shafa ta busassa, dutse ka goga ga madubi.”

Daga ranar na san cewa farar mota tana rufa wa mai wanki asiri, mai launin toka ma haka, amma baƙa ba ta ɓoye komai. Fentinta hawa biyu ne. Akwai baƙin a ƙasa, akwai kuma wani siririn shafi a samansa, garau kamar gilashi, wanda bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Shi ne yake ba da sheƙi. Duk aikinmu na tsare wannan ɓawon ne. In ya tafi ya tafi, babu mai mayar da shi irin yadda aka yi shi a can inda aka ƙera motar.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa ake raina su. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da ka ɗebo daga jikin mota ya koma jikinta. Soso mai laushi na jiki, wani daban na taya, kuma ba sa haɗuwa ko a wurin shanya. Fata mai laushi ta tsane ruwa. Tawul wanda bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. In ya faɗi, ya zama na taya har abada. Gwangwanin kaki, wanda Baba Cindo yake aikawa a sayo masa daga Ƙonni. Sai duro guda na ruwan sama da muke tarawa da damina muna rufewa, domin ruwan rijiyoyinmu yana da gishiri, in ya bushe a kan baƙin fenti sai ya bar farin tabo zagaye-zagaye. Da ruwan rijiya ake wanki, da ruwan sama ake ɗauraya ta ƙarshe.

Ka'ida ta farko kuwa, wadda ta fi duk sauran, ita ce ruwa kafin hannu. Ana kwarara wa mota ruwa mai yawa daga sama, a bar shi ya jiƙa dattin, ya gangara da yashin, a sake kwararawa, kafin soso ya sauka. Ba a wanki cikin rana, ba a wanki ƙarfe yana da zafi. Ba a murza soso zagaye, ana jan shi ne miƙe, daga gaba zuwa baya. Kaki kuwa ɗan kaɗan ake shafawa, a bari ya yi fari-fari, a goge da tawul a hankali. Amfaninsa shi ne duk abin da ya faɗo, kashin tsuntsu ne ko 'ya'yan dogon yaro da jemagu ke yarwa, a kan kakin zai zauna, ba a kan fentin ba.

Wata motar da ba na mantawa ta wani mutumin garin Araba ce. Za a kai amarya, wani ya ce masa ya shafe ta da kananzir za ta yi ƙyalli. Ta kuwa yi, na sa'a guda. Kafin su kai garin da za su, duk ƙurar hanya ta manne mata, ta dawo ja kamar tukunya. Ya zo yana cewa in ɗan goge masa da tsumma, sauri yake yi. Na ce in sauri yake yi ga hanya nan. Ya zauna yana mita har la'asar, na yi mata wanki uku. Irinsa suna da yawa. Akwai mai son a zuba garin sabulun wanki don ya ga kumfa, bai san yana cinye kaki ba. Akwai mai lulluɓe mota da tampol tana da ƙura, iska ta yini tana goga mata shi. Akwai wanda zai ajiye ta ƙarƙashin itacen da balbela ke kwana don yana neman inuwa. Kowannensu in fentin ya dushe, mai wanki zai zaga.

Da Baba Cindo ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na gaji rumfar. Na yi mata daɓen siminti mai gangara, ruwan wanki yana bi ta kwata ya faɗa babban kwalbatin da ya taho daga kasuwa. Ku riƙe wannan kwalbatin a ranku, zan dawo kansa. A waɗannan shekarun aiki ya yi albarka. Motocin da ake shigowa da su ta Nijar duk sai sun tsaya an wanke musu ƙurar tafiya kafin mai saye ya gani. Mu biyar muke aiki, na sayi injin ruwa, wani lokaci sallar azahar sai mun yi ta bi-da-bi.

Sai shekarar da aka rufe iyaka. Wanda bai zauna Illela a wannan shekarar ba, ba zai gane ba ko an faɗa masa. Hanyar da mutum ba ya iya tsallakawa saboda motoci, sai ga awaki kwance a tsakiyarta. 'Yan canji suna zaune suna korar ƙuda. Abokan aikina suka watse ɗaya bayan ɗaya, wani ya kama kabu-kabu, wani ya tafi kudu. Na saura ni kaɗai da bokitaina. Nakan yini ban jiƙa soso ba. Wanda ba shi da na hatsi ba ya wanke mota.

Mutum guda ne bai daina zuwa ba, Alhaji Nomau mai albasa. Tun yana da akori-kura guda nake yi masa wanki. Shi kayansa kudu yake kaiwa, don haka rufe iyaka bai karya shi ba, albasa ma ta yi daraja a shekarar. Abokansa uku ko huɗu na kasuwar albasa, inda ya kai motarsa nan suke kai tasu. Abincin gidana a wannan shekarar, bayan Allah, a hannun waɗannan mutanen yake, su kuwa Alhaji suke bi.

Wata Talata da bazara ya iso rumfata da sabuwar mota. Ba irin wadda aka hau a ƙasar waje aka gaji aka turo mana ba. Sabuwa dal, kujerunta da leda, baƙa ƙirin, kana ganin furfurar gemunka a ƙofarta. Ko gida bai kai ta ba, wajena ya fara tsayawa. Direbansa Lawali ne ke ja.

Alhaji ya fito yana dariya ya ce, “Malam Isiya, ga amaryarka na kawo maka. Ban yarda wani hannu ya taɓa ta ba in ba naka ba. Ko Lawali, sitiyari kaɗai na ba shi.”

Lawali ya ce, “Alhaji, ko tsuntsu ya yi mata kashi in bari?”

Na ce, “Ka bari. Ka jiƙa tsumma ka ɗora bisa, kada ka murza, ka taho da ita.”

Ya ce, “To, mu da munka yi shekara goma muna tuƙi, yau mun koma ɗalibbai.”

Na yini a kanta. Na yi mata wanki biyu, na ɗauraye da ruwan duro, na tsane, na shafa kaki hawa biyu. Da na gama, rumfar kaf tana cikin bonet, har da igiyar shanya. A duk shekaruna ban yi aikin da ya kai wannan kyau ba. Muka shirya za a riƙa kawo ta Litinin da Juma'a. Na gargaɗi Lawali a kan masu zuwa sam barka, domin mutanenmu ba sa yi wa mota addu'a sai sun dafa ta, kuma hannun da ya fito kasuwa ba ya rasa yashi. Na faɗa masa komai da na sani. Abu ɗaya ne bai zo mini a rai ba.

Alhaji yana da mahaifiya, Hajiya Tumba, tsohuwa mai yawan ibada. Ƙanensa, autanta, a hanyar Sakkwato ya rasu cikin haɗarin mota shekarun baya. Tun daga nan ba abin hawa da ke shiga gidan ba ta sa an yi masa rubutu ba. Ta aika wa wani malami ɗan'uwanta, ya rubuta alluna, aka wanke a ƙwarya. Ranar Alhamis da safe ta fito da kanta ta yayyafa wa motar da hannunta, gaba da baya da rufi, ta fi yawaitawa a bonet, domin a nan injin yake. Ta ce kada a taɓa sai ya bushe. Babu mai musa wa Hajiya a gidan. Motar ta yini a tsakar gida cikin ranar bazara. Da la'asar hadari ya haɗu, iska ta taso da yashi ta buga garin, ruwa bai sauka ba.

Juma'a da hantsi Lawali ya kawo ta. Tun daga nesa na ga ba lafiya. Jikinta duk ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ya kama yashi ya riƙe. Na sa farce a hankali a gefen gilashi, na ɗebo kaɗan, na shinshina. Ni da na tashi a gaban allo ba sai an gaya mini ba. Tawadarmu da gawayi da ƙaro ake yin ta, ƙaro kuwa danƙo ne.

Na ce, “Lawali, mi anka zuba mata?”

Ya ce, “Rubutu na, Malam. Hajiya ta yayyafa. Alhaji ya ce a gyara ta kafin Juma'a, da ita za shi masallaci, daga can mu wuce Tozai ɗaurin aure. Duk mutanen kasuwa na can, yau za su gan ta.”

A nan ina son ku fahimce ni da kyau. Rubutun bai yi wa motar komai ba. A kan kaki ya zauna. Ƙaro da ya ji ruwa narkewa yake yi. Da na tayar da inji na kwarara mata ruwa kamar yadda na saba, da cikin ɗan lokaci ya gangara da yashinsa gaba ɗaya, ba tare da hannuna ya taɓa ta ba. Wannan ne aiki mafi sauƙi a sana'ata.

Amma na tsaya ina kallon daɓen, ina kallon kwata. Ruwan zai bi ta nan ya faɗa kwalbatin kasuwa. A cikin kwalbatin nan mahauta ke zubar da jini da ƙazantar tumbi. A bakinsa masu wucewa ke tsugunawa. A gidanmu ko ruwan da aka wanke allon yaro mai koyon baƙi, wuri na musamman ake zuba shi, a gindin bango inda ƙafa ba ta takawa. Mahaifina ya taɓa hana ni abincin rana don na zubar da shi a tsakar gida. Yanzu ga ayoyi cikakku, a ce ni da hannuna in tura su cikin wancan ruwan.

Lawali ya ce, “Malam, tada inji mana. Rana na yi.”

Na ce, “Ka san inda ruwanga za shi?”

Ya leƙa kwata, ya dube ni, ya ce, “To ai ya bushe, Malam. Ya riga ya yi aikinsa.”

Na ce, “In ya jiƙa ya dawo rubutu.”

Ya ce, “Wanga kuma sai ku malamai. Ni direba na.”

Na sa ya kira mini Alhaji a waya, na yi masa bayani. Yana cikin hayaniyar masu loda buhuna. Ya ce, “Malam Isiya, kai ka san karatu, kai ka san mota. Yadda ka gani. Ni dai in same ta kamar ranar Talata.”

Sai na yi dabara, kuma dabarar ce ta kashe ni. Na ce zan tare ruwan gaba ɗaya, ko ɗigo ba zai taɓa ƙasa ba. Na ɗauko sabuwar roba, na cika buta da ruwan duro, na ɗauko farin tawul sabo. In jiƙa tawul, in share ɗan wuri, in matse cikin roba. Na yi bisimilla na fara daga bonet.

A jan farko na ji shi. Wani ɗan sauti ne siriri, kamar mace tana tankaɗe a ɗaki na uku. Wanda ya yi shekara talatin yana wanki ya san wannan sautin kamar yadda ya san muryar ɗansa. Yashi ne ke tafiya tsakanin tawul da fenti. Na ce a raina zan sassauta hannu. Na sassauta, na ƙara ruwa kaɗan, amma in na ƙara da yawa zai zuba ƙasa, don haka ban ƙara yadda ya kamata ba. Inda ƙaron ya yi tauri kuma sai na ɗan danna. Haka na bi bonet, na bi rufi, na bi ƙofofi huɗu. A cikin inuwar rumfa ta yi kyau. Robar ta kusa cika da ruwa mai duhu, na rufe ta da faifai na ajiye a kan benci. Sannan na yi wankin da na saba.

Na ce da Lawali ya ja ta cikin rana. Na sunkuya yadda Baba Cindo ya taɓa sunkuyar da ni.

Saƙar gizo ce tun daga fitila har gilashi. Rufin ma haka. A ƙofofi da sauƙi, amma bonet, inda Hajiya ta fi yayyafawa, kamar an ja ƙaya a kai.

Lawali ya ce, “Innalillahi. Malam, mi ka yi?”

Da na tsaya a nan, da da sauran magana. Zanen bai yi zurfi ba. Mai injin goga a Sakkwato zai iya kwantar da shi a yini guda. Abin da ya kamata shi ne in jira Alhaji, in nuna masa, in ce ga abin da na yi, ga inda za a kai. Amma na dubi inuwa na ga saura kamar sa'a biyu a tafi masallaci, na tuna mutanen kasuwa da ke jira a Tozai, na tuna su ne masu kawo mini mota. Ina da wani gwangwani na man goge zane, mai ɗan kaushi, wanda muke amfani da shi a kan tsofaffin motoci. Aikinsa shi ne ya ci ɓawon saman kaɗan har ya daidaita da zurfin zanen. Na ɗebo a tsumma na shiga murzawa da hannu.

Tsakiyar bonet ta fara kwantawa, na ji ƙarfin gwiwa, na ƙara hannu. Akwai wani ɗan tudu da ya ratsa bonet ɗin ta gefen direba, inda aka lanƙwasa ƙarfen don ado. A irin wannan wurin fenti ya fi siriri, ko almajirin wata uku a sana'ar ya sani. Ina murzawa ina duban inuwa. Da na ɗaga tsumman, sai na ga ya yi baƙi. Muddin kana kan ɓawon sama, tsumma ba ya ɗaukar launi. In ya yi baƙi, ka huda. Na zuba ruwa na share. Ga wuri nan kamar faɗin tafin hannu, ya dushe, ba ya mayar da haske, kamar gindin tukunya a tsakiyar madubi.

Na ajiye tsumman. Na wanke hannuna. Na zauna a benci kusa da robar.

Alhaji ya iso a bayan kabu-kabu, cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Ya yi sallama da fara'a, ya zagaya motar. Da ya zo gaban bonet ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya miƙa yatsa zai taɓa wurin, sai ya janye.

Ya ce, “Lawali na?”

Na ce, “Ni na, Alhaji. Lawali bai taɓa ta ba.”

Na faɗa masa yadda aka yi tun daga farko, ban rage ba. Ya saurara har na gama. Ya dubi robar da ke rufe da faifai.

Ya ce, “Kwana uku, Malam Isiya. Ko lambarta ba a sa ba.”

Na ce, “Haka na.”

Ya ce, “Da wani ya yi, da wajenka zan kawo ƙara.”

Ya ce da Lawali ya kai ta gida ya rufe, ya fito da tsohuwar motarsa. Da tsohuwar motar ya je masallaci, da ita ya je Tozai. Mutanen da suka taru don ganin sabuwa suka tambaya, kuma ba a rasa mai ba su amsa ba.

Washegari na ɗauki robar a ka, na tafi gidan, na nemi iso wajen Hajiya Tumba. Tana zaune a tabarma da tazbaha. Na gaishe ta, na ajiye robar a gabanta, na ce ga rubutunta na tare, ban bar shi ya shiga kwata ba, ta faɗi inda za a zuba. Ta riga ta ji labari. Ta buɗe faifan ta duba, ta mayar ta rufe.

Ta ce, “Malam, Allah Ya saka maka da ka girmama sunansa. Amma ni tsohuwa ban gane ba. Duk garinga ba ƙasa mai tsarki? Ba ka iya gina rami bayan rumfarka, ka tsai da motar bisa, ka zuba ruwanka yadda ka so, ƙasa ta shanye?”

Bayan rumfata fili ne na yashi, ko taku goma bai kai ba daga inda na tsaya ina murza tawul. Ko ramin ma ba sai na gina ba a ranar. Da na ce Lawali ya ja motar can, na ja tiyo, da shi ke nan. Shekara talatin ina wanki a kan siminti, har na manta ana iya wanki a kan ƙasa.

Ta ce, “Ni na ja maka. Zan yi wa Nomau magana.”

Na ce, “Hajiya, ke addu'a kika yi wa ɗanki. Hannu nawa na.”

Ta sa aka zuba ruwan a gindin wani lemo da ke bayan ɗakinta. Na san ta yi wa Alhaji maganar, domin bayan kwana biyu ya aiko Lawali ya ce in yafe masa in ya faɗi abin da bai dace ba, shi ma ya yafe. Ya yafe ɗin kuwa, har yau muna gaisawa a masallaci, da aka yi rasuwar Hajiya tare muka ɗauki makara. Amma motar ba ta sake shiga rumfata ba. Tsohuwar motar ma ba ta sake ba. Abokansa suka janye a hankali, babu wanda ya ce mini komai. Magana ta zaga kasuwa cewa idon Malam Isiya ya raunana, hannunsa ya yi nauyi. Kafin damina ta ƙare na sayar da injin ruwa. Da rani na yi aikin ƙodago a gonakin albasa, ina da furfura, tare da yaran da na girme wa iyayensu. Ko bayan an buɗe iyaka aiki ya dawo, masu sababbin motoci wajen samari suke kai su, masu injin kumfa. Ni nawa tsofaffi ne da babura.

An kai motar Sakkwato an sake wa bonet fenti. Mai fentin ya yi ƙoƙari. Wanda bai sani ba, ba zai lura ba. Amma baƙi iri-iri ne. Na jikinta yana da zurfi kamar ruwan rijiya, na bonet ɗin kuwa in rana ta faɗa masa yana ɗan ja-ja, kuma fuskarsa ba ta kwanta sumul ba.

Ramin kuwa, ranar Lahadin da ta biyo na gina shi. Zurfinsa ya kai ƙugu. Na zuba tsakuwa a ƙasa, farin yashi a sama, na yi masa 'yar hanya ta daban wadda ba ta haɗuwa da kwata. Na sanar a masallacin unguwa cewa duk wanda aka yi wa abin hawansa rubutu ya kawo, akwai wurin wanke shi. Na yi kusan shekara ba wanda ya zo. Na farkon da ya zo wani mai kabu-kabu ne da jan babur, tankinsa duk ya kwarzane, wanda ko da tsintsiya ka wanke shi babu abin da zai nuna. Na tsayar da shi a kan yashin, na kwarara masa bokiti shida. Yana ta dariya yana cewa, “Baba, ruwan ya isa haka, ba raƙumi ba na.” Ban tsaya ba sai da bokitin ƙarshe ya ƙare.

Shi ya sa duk wanda ya zo koyo ba na fara ba shi soso. Shebur nake ba shi, ya kwashe yashin saman ramin ya kai gindin bango, ya zubo sabo. Wasu daga nan suke tafiya, ba sa dawowa. Wanda ya tsaya, nakan jira Juma'a. Wajen ƙarfe ɗaya motar Alhaji Nomau takan wuce ta gaban rumfa za ta masallaci. Ta tsufa yanzu, an sa mata lamba, ledar kujeru ta daɗe da fita. Lawali yakan danna ham, in ɗaga masa hannu. Sai in kama ƙeyar yaron in sunkuyar da shi daidai lokacin da rana ta faɗa kan bonet, in ce ya duba da kyau.

Yawancinsu cewa suke yi ba su ga komai ba. Ni kuwa ina gani tun daga kwanar kasuwa.

Allah Ya jiƙan Baba Cindo da Hajiya Tumba, Ya yafe mana abin da hannuwanmu suka ɓata.